Allon Ajiya da Ja-da-Saki: Abin da Ke Wucewa Tsakanin Manhaja da Manhaja



Kowa a cikin wannan ɗaki da ya taɓa aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san yadda ake kwafar magana daga wata takarda a liƙa ta a wata, ko a kama fayil da linzami a ja shi a sake shi a wani wuri. Aiki ne na ƙiftawar ido, shi ya sa ba mu cika tambayar abin da ke faruwa a tsakani ba. To, a yau wannan tsakanin nake so mu duba, domin a nan ne haruffan Hausa suke lalacewa, a nan ne kuma asirin ofis yakan fita ba da sanin mai shi ba.

Asalin al'amarin

Wannan dabara ta yanke da kwafa da liƙawa ta fito ne daga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, inda Larry Tesler da Tim Mott suka shirya manhajar rubutu mai suna Gypsy a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya kamfanin Apple ya yaɗa ta da na'urar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984. Wurin da abin da aka kwafa yake zama kafin a liƙa shi, shi zan kira allon ajiya. Tun a wancan zamani masu ƙira suka fahimci cewa siga ɗaya ba za ta wadatar ba, saboda haka Macintosh na farko ya ware suna TEXT don rubutu da PICT don hoto, aka kuma bukaci kowace manhaja ta iya karɓar waɗannan biyu.

Yadda allon yake aiki

Mutane da yawa suna zaton abu guda ne ke hawa allon. Ba haka ba ne. Idan akawu ya kwafi jadawali daga Excel, manhajar takan shelanta sigogi da dama a lokaci ɗaya: sigarta ta kanta mai ɗauke da lissafi, da siga mai ado wadda Word zai gane, da sigar shafin intanet, da hoton jadawalin, sannan rubutu tsurarsa. Ƙa'idar Windows ita ce a jera su daga mafi cika zuwa mafi sauƙi. Manhajar da za a liƙa wa sai ta duba jerin, ta ɗauki wadda ta fi ganewa. Wato dai kamar masinja ne ya zo ofishinku da takarda iri biyar a kan magana guda, ya ce ku zaɓi wadda kuke iya karantawa. Mai bayarwa ne ke jerawa, amma zaɓi yana hannun mai karɓa.

A Windows kowace siga tana da lamba. CF_TEXT ita ce 1, CF_BITMAP 2, CF_UNICODETEXT 13, CF_HDROP kuma 15. Mai rubuta manhaja yana iya yi wa sabuwar siga rajista da suna, tsarin ya ba shi lamba. Ta wannan hanya ne sigar RTF da ta HTML suka samu shiga. Apple ya koma ga sunaye masu tsari tun 2005, irin su public.utf8-plain-text. A tsarin X na Linux kuwa ana yawan amfani da sunayen MIME, waɗanda aka ƙirƙira a 1992 domin wasiƙun intanet, irin su text/plain da image/png.

Akwai wani abu kuma. Shirya siga goma ga babban jadawali ɓata lokaci ne, tunda ɗaya kawai za a ɗauka. Don haka manhaja takan yi alkawari kurum, ba ta shirya kayan sai an nema. A tsarin X ma allon ba ya riƙe kome. Manhajar da aka kwafa daga gare ta ce ke riƙe da kayan. Idan an rufe ta kafin a liƙa, kuma babu wata manhaja mai tsaron allo, abin ya tafi ke nan.

Ja da saki

Ja-da-saki ƙanen allon ajiya ne, ciniki iri ɗaya suke yi. A Windows, tun fitowar OLE 2 a 1993, hanya guda ake bi wajen miƙa kaya a dukkan ayyukan biyu. Bambancin shi ne a nan cinikin yana gudana tun linzami yana tafiya: kowace taga da aka ratsa takan duba jerin sigogin ta amsa ko za ta karɓa, shi ya sa alamar linzami take sauyawa a kan hanya.

Idan ka ja fayil, abin da ke tafiya adireshinsa ne kawai, wato CF_HDROP a Windows ko text/uri-list a Linux. Sannan dole a daidaita ko kwafa za a yi ko ƙaura. A Windows, ja a cikin faifai ɗaya ƙaura ne, ja zuwa wani faifai kuwa kwafa ne. Danna Ctrl yana tilasta kwafa, Shift yana tilasta ƙaura. Ma'aikaci da yawa ya ɗaga hankalin ofis yana cewa fayil ya ɓace, alhali da hannunsa ya ƙaurar da shi.

Haruffan Hausa

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. CF_TEXT tsohuwar siga ce mai gurbin harafi 256 kacal a na'urorin da aka saita da Turanci ko Faransanci, kuma a cikinsu babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lamba tasa: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Idan manhaja ta nemi CF_TEXT, Windows zai juya mata rubutun da kansa ba tare da gargaɗi ba, sai alamar tambaya ta maye gurbin harafi mai lanƙwasa. Mai gyara da ke gaggawa sai ya sa k a wurin, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. A takardar kotu ko ta filaye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka nan tsofaffin takardun da aka buga da haruffa na musamman kafin Unicode ya yaɗu, inda aka ɗora ƙ a gurbin wata alama. Da an liƙa su a matsayin rubutu tsura, asalin alamar ce take bayyana. Irin waɗannan sai an juya su zuwa Unicode tun daga tushe.

Asirin ofis

Haɗarin siga mai sauƙi shi ne ragi, haɗarin siga mai cika kuwa shi ne ƙari. Idan ka kwafi zanen ƙididdiga daga Excel ka liƙa shi a rahoto a matsayin abin da aka dasa, littafin lissafin gaba ɗayansa yana iya bin sa. Wanda ka aika wa rahoton ya danna zanen sau biyu, sai ga albashin ma'aikata da duk abin da ke sauran shafuka. Bugu da ƙari, tun 2018 Windows 10 ya zo da tarihin allo, wanda idan an kunna shi yake riƙe abubuwa har 25 na baya, ciki har da kalmar sirri idan an kwafe ta. A na'urar da mutum uku ko huɗu suke amfani da ita da suna ɗaya, wannan abin lura ne.

Kammalawa

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ga ɗalibanmu masu koyon rubuta manhaja, shawarata ita ce ku bayar da sigogi da yawa bisa jeri, kada ku rasa rubutu tsura na Unicode a cikinsu, ku bincika abin da aka sakar muku kafin ku karɓa, ku kuma jarraba aikinku da kalmar ɓarawo da ɗaki da ƙofa kafin ku ce kun gama. Akwai sigogi na musamman da ke gaya wa Windows kada ya sa abu a tarihin allo. Ku yi amfani da su ga kalmar sirri.

Ga ma'aikata kuwa, ku saba da zaɓen siga da kanku ta hanyar liƙawa ta musamman. Abin da zai fita daga ofis, a liƙa shi a matsayin hoto ko rubutu tsura, sannan a sake karanta shi kafin a sa hannu.