Wanda Ya Kafa Alama Shi Ke da Hanya

Jawabi ga jama'ar ƙasar Birnin Gwari a kan gasar Turawa a bakin Kwara



Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Birnin Gwari a ƙasa ya san amfanin alama. In ayari ya iso mararraba, jagaba yakan karya reshe ya gicciya a kan hanyar da ba ita ba, don kada na baya su ɓata. Wanda ya san inda za a ajiye reshen nan kuwa shi ke da ayarin, ko da ba shi da jaki ko guda a ciki. To, jawabin nan a kan irin wannan alama ne, amma ta ruwa, da yadda manyan daulolin Turai suka yi ta ja-in-ja a kanta a inda Kwara ta shiga teku.

Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Birnin Gwari da bakin teku? Ruwansa ne kuwa ke zuwa can. Ruwan saman da ya zuba a dajin Kamuku yakan gangara cikin kogin Mariga, Mariga ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara daura da Pategi, daga nan ya wuce Baro da Lakwaja har teku. Hanyar da ruwan nan ke bi ya sauka, ita Turawa suka bi suka hau.

Sha'anin bakin kogi

Kwara ba ta shiga teku ta ƙofa ɗaya. In ta kusa isa sai ta rarrabu rassa da yawa cikin fadama da surƙuƙi. A bakin kowane reshe akwai tudun rairayi kwance ƙarƙashin ruwa, kogi na turo shi, teku na mayar da shi. Tudun nan ba ya zama wuri ɗaya: inda jirgi ya wuce lafiya bana, baɗi nan zai kafe. Saboda haka tilas a riƙa auna zurfi a kai a kai, a jera gangunan ƙarfe masu iyo waɗanda aka ɗaure da sarƙa da anga, a kunna fitila a bisa hasumiya, a kuma ajiye jagoran jirgi wanda ya san ruwan. Aiki ne mai cin kuɗi, ba shi kuwa da ranar ƙarewa. Amma fa wanda ke yin sa shi ke karɓar kuɗin wucewa, shi ke sanin kowane jirgi da abin da ya ɗauko. In kuma ya ga dama sai ya yi sakaci da alama, abokin gasarsa ya kafe.

Turawa sun riga sun ga haka a gida. A 1829 Rasha ta mallaki bakin kogin Danub. Ba a daɗe ba 'yan kasuwar Ingila da na Ostiriya suka fara kukan cewa an bar mashigin Sulina yana cikewa da rairayi, don hatsin da ke fitowa ta nan kada ya yi gasa da na Rasha. Bayan yaƙin Kirimiya, a 1856, aka karɓe aikin daga hannun Rasha aka danƙa wa wata hukuma ta ƙasashe 7, ita ta yashe mashigin ta kafa alamu.

Taron Balin

A 1830 ne 'yan'uwan nan biyu masu suna Lander suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har teku, Turawa suka tabbatar da inda ta ƙare. Daga nan jiragen ciniki suka fara shigowa, na Ingilishi da na Faransawa. Wani Bature mai suna George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingilishi wuri ɗaya a 1879, ya yi ta karya farashi har kamfanonin Faransa suka gaji suka sallama masa rumbunansu a 1884.

A ƙarshen shekarar nan ƙasashe 14 suka zauna a Balin, babban birnin Jamus, suka tashi a watan Fabrairu na 1885. An nemi a yi wa Kwango da Kwara irin abin da aka yi wa Danub. A kan Kwango aka rubuta cewa za a kafa hukumar ƙasashe, har aka ambaci kuɗin fitila da na gangunan alama da na jagora. Hukumar nan ba ta taɓa zama ba. A kan Kwara kuwa Ingila ta ƙi, ta ce babu mai ciniki a can sai mutanenta. Sai aka yi sharaɗi: kogin a buɗe yake ga jirgin kowace ƙasa, kada a karɓi kuɗi sai ladan aikin da aka yi wa jirage, amma Ingila ce za ta lura da ƙasan kogin, Faransa ta lura da samansa. Watau an ce ƙofa ta kowa ce, sa'an nan aka ba mutum ɗaya mabuɗi.

Kamfani da abokan gasa

A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Goldie takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company. Kamfanin ya ajiye ma'aikatan kwastan a Akasa, a bakin reshen da ake kira Nun, ya ce kowane jirgi sai ya biyo ta nan. Wucewa halal ce, in ji shi, amma sauka a gaɓa sai da lasin da haraji. Jirgin zamanin nan kuwa da itace yake tafiya, ba shi da ikon ya yi kwanaki bai raɓi gaɓa ba.

Wani ɗan kasuwar Jamus mai suna Hoenigsberg ya shiga ƙasar Nufe a 1887, kamfani ya kama shi ya kore shi, har maganar ta kai ga gwamnatocin biyu. Wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya shigo ta reshen Forkados a 1890, ya hau Binuwai har Yola. Da ya komo ya zauna a ƙasar Muri, kamfani ya ƙwace jirginsa a 1893. A ƙarshen 1894 wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Ardent ya kutsa cikin Kwara don ya gwada cewa hanya ta kowa ce, sai ya kafe a kan rairayi. Da ɗan gari akan ci gari.

Amma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu ƙasa. Mutanen Nembe, waɗanda kakanninsu ke cin abinci a ruwan nan tun kafin Turawa su san shi, aka mai da su baƙi, aka ce su ma sai da lasin. A watan Janairu na 1895 Sarki Koko ya tara jiragen yaƙinsa ya faɗa wa Akasa ya ƙone ta. Ingila ta aiko da mayaƙan ruwa suka ƙone Nembe.

Da Faransawa suka ga ƙasan kogi ya gagara sai suka ɓullo ta tudu daga Dahomi, suka zauna a Busa a 1897, har saura kaɗan a gwabza. Aka yi sulhu a Faris ran 14 ga Yuni, 1898. Faransa ta janye daga Busa, aka ba ta hayar fili biyu na shekara 30, ɗaya a Forkados, ɗaya a Bajibo, don ta riƙa sauke kaya. Wani hafsa mai suna Lenfant ya gwada hanyar a 1901, ya haura duwatsun Busa da kyar. Da wa'adin hayar ya cika ba a sabunta ta ba.

Abin da ya biyo baya

Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfani, Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. A 1902 ya mai da hedkwatarsa Zungeru, a bakin kogin Kaduna, kudu da ƙasar Birnin Gwari. Da damina jirage ke hawowa da kaya har Barijuko, ƙaramin jirgin ƙasa ya ƙarasa da su. A 1903 aka ci Kano da Sakkwato. Ƙarafan dogon da ya isa Kano a 1911 su ma ta ruwa aka kawo su Baro. Lalle wanda ya riƙe bakin kogi shi ya ci tudu.

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen da ke shan ruwan Kwara suka taru a Yamai a 1963 suka soke sharuɗɗan Balin, suka yi nasu. A Nijeriya hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ita aka ɗora wa sa alama da yashe kogi. Mabuɗi ya komo hannun masu gida, nauyin kuma ya komo wuyansu.

Nauyin nan ba ƙarami ba ne. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a Kwara cikin ƙasar Pategi, suna komowa daga biki da dare. Saboda haka ana gargaɗin matuƙa su bar tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, fasinja su sa rigar ruwa, wanda kuma ya ga alama ta tsinke ya gaya wa Sarkin Ruwa ko dagaci.

Mutanen tudu su ma suna da rabonsu. Rairayin da ke toshe kogi daga tudu yake fitowa. An keɓe dajin Kamuku tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Duk inda aka sare itatuwan gaɓa don gawayi ko katako, ruwan damina zai kwashe ƙasar ya zuba a Mariga, manomi ya rasa gona, mai jirgi ya rasa zurfi. Mutanen Birnin Gwari kuwa, waɗanda suka ga shekarun da ɓarayin daji suka hana bin hanyar Kaduna, ba sai an gaya musu abin da ke faruwa ba in hanya ta fita hannun masu ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya kiyaye matafiya, na ruwa da na tudu. Allah ya ba da zaman lafiya, amin.