Shaidar Zur da Takardar Rantsuwa: Abin da Ya Kamata Ɗan Boko Ya Sani

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha alli saboda mu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. Da yake aikina a ma'aikata shi ne kula da fayil-fayil na ma'aikata, takardun rantsuwa sukan ratsa teburina kusan kullum, don haka na zaɓi in yi magana a kan shaidar zur: abin da doka take nufi da ita, da yadda mutum zai kare kansa idan aka tuhume shi.

Zan fara da labarin da malamanmu suka fi mu sani, domin lokacin da abin ya faru mafi yawanmu muna firamare. A watan Yuni na 1999 aka zaɓi wani ɗan jiharmu, Alhaji Salisu Buhari, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, wato mutum na huɗu a tsarin mulkin ƙasar nan. Ba a jima ba mujallar The News ta buga cewa shekarunsa 29 ne, ba 36 ba kamar yadda ya rubuta, alhali tsarin mulki a lokacin ya ce sai mai shekara 30 zai shiga majalisar. Ta kuma ce bai yi karatu a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada ba. Da farko ya musanta, amma a watan Yuli ya sauka daga muƙamin, ya nemi gafarar 'yan ƙasa. A gaban kotun majistare a Abuja ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 2,000. Alhaji Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi, daga baya kuma Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa.

Ban kawo wannan labari don tonon silili ba. Abin lura shi ne tarar ƙarama ce, amma kujerar ta tafi. Wani abin lurar kuma, a 2018 an rage shekarun shiga majalisar zuwa 25. Ashe dokar da ta tsare masa hanya mai canzawa ce, rantsuwar da ya yi ce ba ta goguwa.

To, mene ne shaidar zur a doka? A nan Arewa, har da Abuja, akwai Dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 156 ya nuna cewa mai shaidar zur shi ne wanda rantsuwa ko doka ta wajabta masa faɗin gaskiya, sai ya faɗi ƙarya a kan wani muhimmin batu, alhali ya san ƙarya ce, ko kuwa bai yarda a ransa cewa gaskiya ce ba. Sashe na 158 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 idan a cikin shari'a aka yi ta, da shekara 7 idan a wani wuri ne daban. Ta fuskar addini kuwa, malamanmu na Arabiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin manyan zunubai.

Ina roƙon ku ku riƙe wannan yanki na ƙarshe: bai yarda a ransa cewa gaskiya ce ba. Ma'ana, ba sai ka ƙaga ƙarya ba. Rantsuwa a kan abin da ba ka sani ba ma ta isa ta jefa ka cikin ramin.

Wannan ya kawo mu gida. Duk wanda ya taso a ƙasar Dambatta, Bichi, Makoɗa, Kunchi ko Tsanyawa ya san babu sauran dajin da za a sare. Gona tana manne da gona, iyaka kuwa wata 'yar gamba ce, ko layin lalle, ko wata kuka da kowa ya sani. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke jiran rabonsu a cikinta. Ga aro, ga jingina, ga gado da ba a raba ba shekara da shekaru, kuma mafi yawan wannan hulɗa da baki aka ƙulla ta. Idan waɗanda suka ƙulla suka kwanta dama, aro sai ya koma "saye", jingina ta koma "kyauta". Daga nan sai kotu, kotu kuwa sai da shaidu. Mutum zai tashi ya dafa Alƙur'ani ya ce gonar ta kakan wane ce, alhali ba a haife shi ba lokacin, ji kawai ya yi a majalisa. Yana ganin zumunci yake yi. A sakamakon maganarsa marayu sukan rasa abin da za su noma.

Mu ma 'yan boko muna da tamu gonar, ita ce takardar shekaru. Iyakar shekarun hidimar ƙasa 30 ce, ritaya kuma a shekara 60 ko bayan aikin shekara 35, sai mutum ya je harabar kotu ya rage shekara uku ko biyar. A da takarda tana kwance a kabad, babu mai tono ta. Yanzu akwai lambar BVN ta banki da lambar NIN ta ɗan ƙasa, kwamfuta kuma ba ta mantuwa. Nakan ga fayil ɗaya da ranakun haihuwa uku, wani ma lissafinsa ya nuna ya gama firamare yana ɗan shekara huɗu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya ɓangaren, domin ba duk wanda aka tuhuma ne mai laifi ba. Wani abokin shari'a ne ya yi masa ƙage, wani kuskure ya yi, wani kuma an rubuta masa abin da bai faɗa ba. Ga abubuwan da lauya mai kare mutum yakan duba.

Na farko, rantsuwar kanta. Shin an rantsar da mutumin a gaban wanda doka ta ba iko, kamar alƙali ko kwamishinan rantsuwa? Ko kuwa akwai wata doka da ta wajabta masa faɗin gaskiya a wurin? Maganar da aka yi a zaure ko a kasuwa, ko da ƙarya ce, ba ita wannan sashe yake nufi ba.

Na biyu, muhimmancin batun. Idan shaida ya ce ranar Laraba aka auna gonar, ashe Alhamis ce, kuma ranar ba ta canza komai a shari'ar, ba a kai ga laifin ba.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙi, sani da niyya. Mantuwa da kuskure ba zur ba ne. Dattijon da yake ƙirga shekarunsa da shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, ko da farin 1973, in ya kuskure da shekara biyu bai yi ƙarya ba, iyakar saninsa ya faɗa. Mai ƙara ne zai tabbatar cewa mutumin ya san ƙarya yake yi, domin sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar.

Na huɗu, yawan hujja. Dokar Shaida ta 2011 ta hana a kama mutum da laifin zur a kan maganar shaida ɗaya tak, sai an sami wani abu da ya ƙarfafa ta. Hikimar a fili take: rantsuwa ce ta ci karo da rantsuwa, to wace za a ɗauka? Haka kuma shaidar "an ce" ba ta tsayuwa. Misali shi ne shari'ar Sanata Bukola Saraki, wanda Gwamnatin Tarayya ta gurfanar a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata a 2015 bisa zargin ƙarya wajen bayyana kadarori. A watan Yuli na 2018 Kotun Ƙoli ta sallame shi, domin ta ga hujjojin masu ƙara na ji-ta-ji-ta ne, ba a kawo waɗanda suka san abin da idonsu ba.

Na biyar ya shafi iyayenmu kai tsaye. Takardar rantsuwa da Turanci ake buga ta, mai dangwala yatsa kuwa Hausa yake ji. Doka ta ce idan mai rantsuwa ba ya iya karatu, sai an karanta masa an fassara, an kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an yi haka kuma ya fahimta. In babu wannan, lauya yana da babbar ƙofa ta cewa maganar ta mai bugawa ce, ba ta mai yatsan ba. A gaban kotu ma yana da haƙƙin tafinta kyauta.

A wasu ƙasashe ana ƙara wata kariya. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani mai shirya fim da ake kira Samuel Bronston, ta ce amsar da take gaskiya a lafazi ba zur ba ce ko da ta ɓatar da mai tambaya, aikin lauya ne ya sake tambaya. Wannan hukuncin Amurka ne. Ba zan ba ɗan uwana shawarar ya je kotun Musulunci ta garinmu yana wasa da lafazi ba.

Idan har tuhuma ta zo, sashe na 35 ya ba ka dama ka yi shiru har ka ga lauya. Kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 don irinsa. Wanda kuma ya san ya faɗi abin da ba haka ba, ya gaggauta gyarawa kafin a yanke hukunci. A fiƙihunmu na Malikiyya, littafin Risala ya bayyana cewa shaidan da ya janye bayan hukunci, ya amsa cewa zur ya yi, shi zai biya abin da shaidarsa ta salwantar.

'Yan uwa, a ƙauyukanmu mu ake kira a rubuta takarda, mu ake cewa "karanta mana", mu ake jawowa mu sa hannu. Saboda haka ina ba ƙungiya shawara uku. Ɗaya, lauyoyin da ke cikinmu su ware rana guda a kowane zango su saurari mutanen karkara kyauta a harabar makarantar nan. Biyu, kowannenmu ya tabbatar an yi wa 'ya'yansa da na danginsa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, abin da doka ta wajabta tun 1992, don kada su taɓa bukatar rantsuwa a kan shekarunsu. Uku, mu taimaki iyayenmu su rubuta duk wani aro ko jingina ko cinikin gona, da Hausa ko da ajami, a gaban mai unguwa da dagaci, tun masu abin suna raye. Rigakafi ya fi magani.

Malamanmu, a hannunku muka fara koyon cewa a faɗi gaskiya ko da za a sha bulala. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da ɗalibai, ya mai da kowa gidansa lafiya.