Jawabin Shugabar Ƙungiya a Bikin Zagayowar Ranar Kafuwa: Abin da Muka Noma Ya Kai Mu Damina



Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya, da mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Waɗanda muka fara tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Yau ranar murna ce, amma akwai tambayar da muke so mu yi wa kanmu. Ƙasar nan tamu, daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Ƙafur har Malumfashi, ita ke ciyar da rabin jama'ar da muka sani. Ranar kasuwar Dandume ku tsaya bakin titi ku ƙirga manyan motocin da ke fita da masara da shinkafa. To yaya aka yi a watan Yuli da Agusta, lokacin da hatsi ke tsaye kore shar a gona, gidajenmu da yawa sai sau biyu ake ɗora tukunya?

Ba rashin noma ba ne. Tun 1975 da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, taki da irin masara suka bazu a yankin nan, iyayenmu suka koyi cika rumbu. Ga auduga da ta sa aka san sunan Funtua, ga waken suya, ga rake da tumatir a Danja. A watan Mayu na 2024 ma an buɗe tashar tsandauri a Funtua. Kaya na fita, amma ribar ba ta kwana a ɗakunanmu.

Mun san inda take zurarewa. Da damina ake cin bashin taki, da kaka mai bashi na bakin ƙofa. Ga kuɗin makaranta, ga biki, ga asibiti, duk sun haɗu a lokacin da kowa ya kai hatsi kasuwa, farashi ya faɗi. Sai mu sayar da arha, bayan wata bakwai mu koma wa ɗan kasuwar nan mu auno tiya-tiya da tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na niƙa suka ƙara cinye ɗan abin da ya rage. 'Yan'uwanmu na Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara kuwa, wasu ko gonar ba su iya zuwa saboda 'yan bindiga. Da yawa suna zaune a cikinmu yau, wasu da marayu.

Wata za ta ce, ai sai mu riƙa ajiya mu jira tsada. A nan sai mun yi hattara. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da wake na wani lokaci a 2024, farashi ya sauko a 2025, waɗanda suka ci bashi suka tara hatsi don riba suka ji a jikinsu. Darasin shi ne: ajiyar ci daban, ajiyar kasuwa daban. Buhun da aka ware don cikin yara ba ya faɗuwa, ko kasuwa ta tashi ko ta sauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka shugabannin ƙungiya suka kawo shawara uku, muna neman amincewarku.

Ta farko, rumbun ƙungiya. Kowace mamba ta kawo abin da za ta iya da kaka, a auna a gabanta, a rubuta a littafi, ta riƙe takardarta. Ba a taɓa shi sai damina ta yi nisa. Wadda buƙata ta taso mata kafin nan, ta karɓi rance daga asusunmu, hatsinta ya tsaya mata jingina, maimakon ta kai kasuwa a saya a wulaƙance. Kuma za mu zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A shanya hatsin ya bushe sosai, wanda in kin ciza za ki ji ya yi ƙas, a matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, a ɗora kan katako nesa da ɓera. Ƙwari sai su mutu don rashin iska, ba sai an barbaɗa magani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, jama'a. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, shi muke dafa wa 'ya'yanmu?

Ta biyu, kada mu riƙa sayar da komai ɗanye. Tiyar waken suya da aka yi awara da ita ta fi wadda aka auna wa ɗan kasuwa kawo kuɗi, ga dusar ta tafi wa awaki. Haka shinkafar da aka turara aka gyara, haka gyaɗar da aka fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Dukkanmu mun iya wannan, abin da ke kashe mu shi ne kowacce na sayen kaya kaɗan-kaɗan da tsada. In muka haɗa kuɗi muka sara da kaka, sai jari ya yi auki.

Ta uku ita ce mai nauyi, don ta shafe mu mu da kanmu. Su wa ke tsinkar auduga, da ɓarar masara, da sussuka, da sheƙa? Mata ne, galibi zawarawa da waɗanda suka baro garuruwansu. Sau nawa mace ke wuni a rana, da yamma a ce mata "ga wannan, ki yi haƙuri"? Wasu masu faɗin haka mazajenmu ne, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, mu ne. Daga bana muna so 'yar ƙungiya duk da ta ɗauki mai aiki ta yanke lada kafin a fara, ta auna da tiyar da take saye da ita, ta biya a ranar. Addininmu ya hore mu da gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Kuma yarinyar da ya kamata tana aji, kada a ɗora mata farantin awararmu da safe. A bari sai an tashi makaranta, ko masu saye su zo gida.

Mazajenmu, alfarma ɗaya muke roƙo. Ranar da aka kawo amfanin gona, a zauna da uwargida a lissafa bakunan da ke gidan da watannin da suka rage kafin sabon hatsi, a ware nasu tukuna. Ita ke auna tsaba kullum, ta fi kowa sanin inda buhu ke ƙarewa.

Bayan an ci abinci, magatakarda na nan da littafi a bakin ƙofa. Wadda ta amince ta rubuta sunanta da abin da take sa ran kawowa, ko tiya biyar ce. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, za mu buɗe littafin nan a gabanku mu ga gida nawa ya kai sabon hatsi ba tare da awo ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum.