Maganar Lafiya: Mariƙin Haƙora

Yau maganarmu a kan haƙori ce.

Kun sani a kan sami yaro wanda haƙoransa suka fito a hargitse, waɗansu sun hau kan waɗansu, ko kuwa na gaba sun turo waje har leɓe ba ya rufuwa. Irin wannan yana gyaruwa. Daga nan ƙasar Gumel a kan tafi Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitan haƙori zai ɗaura waya ta riƙa jan haƙoran a hankali, shekara 1 ko 2, har su daidaita. Ran da aka cire waya sai murna, a ce an gama. To, ba a gama ba.

Ga dalili. Haƙori ba a kafe ya ke cikin ƙashi kamar ƙusa ba, waɗansu 'yan zarurruka ne ƙanana ke riƙe da shi. In an kawar da shi daga mazauninsa, sai su yi ta neman komo da shi. Na jikin saiwa su kan yi wata 3 ko 4 kafin su saba, na dasashi kuwa har wajen shekara. Wanda ya taɓa dasa darbejiya a Sule Tankarkar ya sani, in ya kwance ta daga turke tun ba ta yi ƙarfi ba, iska za ta karkatar da ita.

Saboda haka ne likita ya kan ba da mariƙin haƙora, watau ritena. Iri uku ne. Akwai na roba garai-garai wanda a ke kifawa bisa haƙora. Akwai na roba da waya, wanda wani likitan Amurka, Charles Hawley, ya bayyana a 1919. Akwai kuma siririyar waya da a ke mannewa bayan haƙoran gaba, ba a cire ta. Da fari likita ya kan ce a sa dare da rana, daga baya sai da dare kaɗai. Kada a daina sai da izininsa, gama haƙori ya kan motsa har tsufa.

Kwanan baya wani dattijo ya kawo mini 'yarsa ɗakin shan magani, mariƙinta ya lanƙwashe. Ashe uwarta ce ta tafasa shi don kashe ƙwayoyin cuta. Ban ga laifinta ba, mu ne muka koya muku tafasa ruwa. Amma shi wannan, zafi ne abokin gabansa. Kafin su sami kuɗin mota su koma Kano, haƙoran yarinya sun soma buɗewa.

To, ku riƙe waɗannan. A wanke shi kowace safiya da sabulu da buroshi mai laushi, cikin ruwa mai tsabta wanda ya huce. Kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. In za a ci abinci, ko goro, ko a sha shayi, a cire shi a sa cikin ɗan akwatinsa. Kada a ƙunshe shi a takarda, gama haka a ke zubar da shi da shara. Mai wayar da ba a cirewa ya goge bayan haƙora sosai, kada kuma ya gatsi rake da su.

In an yi kwana biyu ba a sa ba ya ɗan matse, a ci gaba da sawa. In ya ƙi shiga, ko ya karye, kada a tilasta, kada a kai wa maƙeri. A koma wurin likita da wuri.

Iyaye, ku ne masu tunawa yara kowane dare. Allah ya ba mu lafiya, amin.