Kuɗin Fata, Kayan Leda

Yau maganar kujeru za mu yi, kujerun falo. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka dami matasa ka rasa abin ɗaukowa sai kujera? To ka yi haƙuri ka ji, domin a gidanmu kujera ta ci gona.

A ƙarshen 2022 aka sa ranar auren ƙanwata, za a kai ta Kibiya. Babanmu manomi ne, rufin asiri dai alhamdu lillahi. Goggonninmu suka zauna suka ce ita ce 'yar fari a mata, dole a yi mata jeren da 'yan ganin ɗaki za su tafi da labari. Aka turo hoto ta WhatsApp: saiti mai cin mutum 7, ruwan ƙasa, sai sheƙi yake. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, ni aka tura Kano in ba da aiki.

Na shiga wani shago, na nuna hoton. Mai shagon ya shafa wata kujera ya ce, "Malam, wannan ledar Italiya ce, orijinal. Jikokinta ma za su zauna a kai." Muka daidaita a naira 850,000, za a ƙera mana daidai girman falonta. Baba ya sayar da buhunan shinkafa, kuɗi bai kai ba, ya sayar da ƙaramar gonarsa ya cike. Ranar jere kuwa an yi guɗa, an ɗauki hotuna, kowa ya yaba.

Ba a cika shekara biyu ba ta kira ni. Ta ce, "Yaya, kujerun nan fa saɓa suke yi kamar maciji." Na je na tarar ta lulluɓe su da zanin gado saboda kunyar baƙi. Duk inda kai da hannu suke taɓawa ya ɓare, in ka tashi sai ka karkaɗe ɓawo daga rigarka. Na yanko ƙyalle kaɗan daga ƙasan kujera na kai wa wani dattijon baduku a Ƙofar Wambai. Ya juya bayansa, ya shinshina, ya miƙo min. Ya ce, "Yaro, wannan ko hanyar mahauta bai taɓa bi ba."

A nan na gane inda aka kayar da ni. Kalmar da Bature yake kiran fata da ita, ita ce ta shigo bakinmu ta zama leda. Kuma da sunan nan muke kiran abin da ake ƙulla mana awara a ciki. Da mai shago ya ce leda, ni da digirina na fassara ta a kaina da fata. Shi kuwa yadi ne da aka shafe da roba ya sayar min. Irin wannan robar, zafi da gumi da laimar damina suna cinye ta a hankali, sai ta tsage ta rabu da yadin. Babu man da za ka shafa ya dawo da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi, a jihar Kano aka yi min wannan. Ɗaruruwan shekaru fatake suna ɗaukar jemammiyar fatar awakinmu su ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da takalma da fatu daga birnin zuwa Arewacin Afirka. Har gobe akwai majema masu aiki da bagaruwa a cikin birni, ga kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya. Amma ga jikan masu wannan sana'a ya kasa bambance fata da roba.

To me ya sa kujerar fata ta gaske take wuya a nan? Fatar da Kano ta shahara da ita ta akuya da tumaki ce. Ƙarama ce, ta dace da takalmi da jaka da tumtum. Kujera kuwa fatar saniya take so, mai faɗi da kauri. Mu kuma ƙirginmu, da yawansa tukunya yake shiga, ganda muke yi da shi. Har a 2022 shugaban cibiyar nazarin fasahar fata da ke Samaru a Zariya ya fito yana neman a yi dokar hana cin ganda don a ceto masana'antar. Ka yarda da shi ko kada ka yarda, ka ga dai inda fatar take tafiya.

Yanzu mu yi lissafi. Fatar saniya guda, in an jeme ta, faɗinta wajen murabba'in ƙafa 50 ne. Doguwar kujera mai cin mutum 3, in za a rufe ta gaba da baya, takan ci fata 5 ko fiye. Saitin mutum 7 ke nan ya haura fatar shanu 10. Ka ɗora kuɗin jima da rini, da katako, da soso, da ladan kafinta, da ribar mai shago. In kuma daga waje aka shigo da ita, da dala aka saya, kun kuma san inda naira ta koma tun tsakiyar 2023. Don haka in aka ce maka ga saitin fata zalla a farashin da bai fi na yadi da komai ba, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ga abin da dattijon nan ya koya min, ku riƙe. Na ɗaya, fata ba ta zuwa a bandir. Da siffar dabbar take zuwa, ga wuya, ga wurin ƙafafu. Duk abin da aka warwaro maka daga naɗi aka auna da yadi, roba ce. Na biyu, ka juya bayanta. Fata bayanta gashi-gashi ne, roba kuwa za ka ga saƙar zare. Na uku, ka duba fuskarta. Fatar da ba a goge ta da yawa ba tana da tabo da ƙananan ƙofofin gashi barkatai, ta roba kuwa zanenta yana maimaita kansa. Na huɗu, ka nemi ɗan guntu ka kai shi bakin ashana a waje. Fata ƙaurin babbaka take yi, roba narkewa take tana warin leda. Akwai kuma wadda ake niƙa ragowar fata a kwaɓa da gam a shimfiɗa. Tana ɗan ƙamshin fata, amma ita ma ɓarewa take.

Kuma kada sheƙin waje ya ɗauke maka hankali daga ciki. Ka je wurin kafinta kafin ya rufe aikin, ka ga ƙwarangwal ɗin da idonka. Katakon ya bushe? Ɗanyen katako, hunturu ɗaya zai lanƙwasa shi, ƙusoshi su saki. An sa masa maganin gara? Ka ɗaga soson ka ji nauyinsa, ka danna ka ga ko zai taso nan take. Sannan a rubuta komai a rasit: irin abin rufi, irin katako, irin soso, ranar kawowa. Kalmar "fatar saniya" ta fito a rubuce, ka riƙe samfurin da ya sa wa hannu, ka tafi da shaida. Kafin alƙalami kawai za ka bayar, cikon sai kaya sun iso ka duba. Ni duka na biya tun farko, rasit ɗina kuma abin da ke jikinsa "saitin kujeru" ne kawai. Da na koma, ba ni da bakin magana.

Kada a fahimce ni a baibai. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi fatarsa ta gaske, in ya kula da ita za ta yi masa shekaru masu yawa. Wanda kuma ya sayi leda da sunan leda, a kuɗin leda, ba a cuce shi ba. Damuwata ita ce uban da yake rabuwa da abin da ke ciyar da gidansa saboda kallon yini guda. 'Yan ganin ɗaki sun ci shinkafa sun watse, ba wadda ta dawo ta tambayi Baba inda zai shuka gyaɗa.

A nan ne nake kira gare mu samari. Kai ango, in ka ga ana shirin ɗora wa surukinka nauyin da ya fi ƙarfinsa, ka tura magabatanka su ce kun yafe. Malamai sun sha tunatar da mu cewa tanadar wa mace wurin zama haƙƙi ne a kan miji. Ke kuma amarya, in kika ce "Baba, na yadi ya ishe ni," ba ƙasƙanci ba ne, kuma maganarki ta fi ta kowa nauyi a wannan zama. Ni da aka aika, da na buɗe baki a lokacin, wataƙila da gonar tana nan.

Kujerun ƙanwata, wani matashin kafinta a nan Rano ne ya gyara su. Da ya farke su, har kwali muka gani a bayan majinginar. Ya canza katakon da ya lanƙwashe, ya rufe su da yadi mai kauri, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda muka kashe ba. Tana zaune a kansu lafiya lau. Gonar kuwa, in na wuce ta a babur, wani nake gani yana noma a cikinta.

In a gidanku ana shirin biki bayan girbi, ku karanta wa iyaye wannan kafin a tura wani Kano. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya rufa mana asiri.