Me Ya Sa Muke Bin Mai Cewa Shi Na Talakawa Ne?

Jawabi ga wakilan ikkilisiyoyin ƙauyukan Samaru da Sabon Gari, Zariya

Mun san wasu sun baro aikin gona, wasu sun taso tun daga Bomo, Basawa da Shika, saboda haka ba za mu ja magana ba.

Aikinmu na kullum shi ne rijiya, iri, taki da adashen mata. Amma duk ƙauyen da muka shiga, hira ba ta ƙarewa sai an taɓo siyasa. Kuma tambaya ɗaya ce ke dawowa: me ya sa idan ɗan takara ya tashi ya ce shi na talakawa ne, ya zagi manya, sai mu bi shi da gudu? Mun gaskata alkawuransa ne?

Mun taɓa yi wa wani ɗan acaba wannan tambaya a bakin kasuwar Samaru. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ni yaro ne? Na san ba zai yi duka ba. Amma shi kaɗai ne in yana magana nake jin kamar ya taɓa kwana da yunwa.” Wata uwa mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari ta faɗi kusan haka. Ta ce ko bai ba ta komai ba, in dai zai hana ɓarayi ci, ta gode. A ganinmu amsar ke nan. Yawancinmu ba jerin alkawura muke zaɓa ba, mutum muke zaɓa, wanda ya kira ciwonmu da sunansa. Wannan ba wauta ba ce. Wanda aka daɗe ana rainawa, ranar da wani babba ya dube shi da mutunci, ba zai manta ba.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Zazzau. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, kalmar da ke bakinsu kuwa ita ce talakawa. A nan Sabon Gari Hajiya Gambo Sawaba ta zauna. Ta sha duka da ɗauri sau da dama saboda ta ce mata su ma su yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Ta rasu a 2001, yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Mutane sun bi waɗannan ne domin sun ga wahalar da suka sha a jikinsu. Gani ya kori ji.

Bari mu tsaya kaɗan a kan 1979, domin akwai darasi a wurin. Mu ba a haife mu ba tukuna, amma dattawan da ke zaune a gaba sun gani da idonsu, in mun yi kuskure su gyara mana. A shekarar aka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina. PRP ta yi alkawarin soke haraji da jangali. Matasa ba su san mene ne haraji ba. Kuɗi ne da ake karɓa a kan kowane baligi, ko gonarsa ta yi ko ba ta yi ba, jangali kuma a kan kowace saniya. Iyayenmu sun ba mu labarin magidanta da ke kwana a daji idan masu karɓa sun shigo gari, da waɗanda suka sayar da hatsin ci domin su biya. Da hawansa mulki ya soke su, haka ma Abubakar Rimi ya yi a Kano. Alkawari ya cika, kowa ya ji a aljihunsa.

To, amma sauran fa? Jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokokin jiha. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi ta mulki ba kwamishina, har suka tsige shi a watan Yuni na 1981, bai cika shekara biyu ba. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Sakataren gwamnatinsa, Dakta Bala Usman, malami ne daga jami'ar nan ta Samaru, ba a rasa masu ilimi ba. Abin da aka rasa shi ne hannuwan da za su ɗaga a majalisa.

Ku lura, alkawari iri biyu ne. Akwai wanda mutum ɗaya zai cika da sa hannu, kamar daina karɓar haraji. Akwai kuma wanda sai da kuɗi, da majalisa, da ma'aikata, da shekaru, kamar asibiti mai magani ko hanyar da za ta kai amfanin gona kasuwa. A filin kamfen duka biyun da murya ɗaya ake faɗarsu, tafi ɗaya muke yi musu.

Na kusa kuma duk mun gani. Janar Muhammadu Buhari ya nemi shugabanci a 2003, 2007 da 2011 bai samu ba, sai a 2015. Maƙwabtanmu da yawa, har da wasu daga cikinmu, sun bi shi domin sun ɗauke shi mai gaskiya wanda bai tara dukiya ba. Ya yi alkawarin tsaro, yaƙi da cin hanci, da gyaran tattalin arziki. An ga wasu abubuwa, kamar N-Power da ya ɗauki matasa. Amma litar man fetur da take Naira 87 a 2015 ta koma 145 a watan Mayu na 2016, kuma satar mutane ta matso har Zariya, inda aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021. Duk da tsadar mai, a 2019 jama'a sun sake zaɓensa, suna cewa shi na kirki ne, na kewaye da shi ne miyagu. Kada mu yi wa kowa dariya. A 2023 matasanmu da yawa sun bi Peter Obi da irin wannan zafi, kuma in ka tambaye su yadda zai yi da majalisar da ba tasa ba, sai a ce kai maƙiyi ne.

Wannan zafin ne ke ba mu tsoro. Idan mutum ya zama shi ne begenmu gaba ɗaya, faɗuwarsa a zaɓe sai ta zama kamar mutuwa. Ba mu manta da Afrilun 2011 ba, lokacin da aka ƙone gidaje da wuraren ibada, aka kashe Kirista da Musulmi a Zariya, Zonkwa da Kafanchan. Waɗanda aka yi dominsu ba su rasa ko akuya ba.

Ga abin da ya faru a wani ƙauye da muke aiki. Wani mai neman kujerar majalisa ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Mutane sun riga sun fara tara kuɗin gyaran tsohon famfonsu, da jin alkawari sai suka daina, aka raba kuɗin. Mutumin ya ci zaɓe, ba a sake ganinsa ba, mata suka koma rafi. Da muka tambaya, sai dattijon garin ya ce ai dama ba su yarda da shi sosai ba. Ba su yarda ba, amma sun ajiye nasu aikin. Nan ne asarar take.

Saboda haka ga roƙonmu. Ba mu zo mu ce ku zaɓi wane ko wane ba, wannan ba aikinmu ba ne. Idan ɗan takara ya zo, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi: wannan abu aikin kujerar da kake nema ne? Ɗan majalisa doka yake yi, yana kuma duba kasafin kuɗi. Kasuwa, ƙaramin asibiti da hanyar ƙauye sun fi kusa da ƙaramar hukuma, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka kansila da ciyaman su ma a tambaye su. Ku tambaye shi daga ina kuɗin zai fito, a wace shekara, da abin da ya taɓa yi wa mutane kafin ya fara neman ƙuri'a.

Sakataren kwamitin raya gari ya rubuta amsar a littafi da kwanan wata, a gaban mai unguwa, a gayyato maƙwabtanmu Musulmi su zauna tare da mu, tunda rijiya ɗaya muke sha. Kuɗin gyaran famfo da adashe kuwa a ci gaba da tarawa kamar ba wanda ya yi alkawarin komai. Idan mun zo zagaye na gaba bayan girbi, za mu so mu ga littattafan.