Abin da Ke Tare Muryar Rediyo

Mun ji kukanku cewa rediyo na shiru, waya ba ta kamawa. Ba lalacewa suka yi ba. Muryar FM da sabis ɗin Zain ko Sudani a miƙe suke tafiya, kamar hasken tocila. In dutse ya tare su, kamar a wajen Doka da Gallabat, na cikin kwari ba ya samu. Gajeren zango kuwa sama yake bugawa ya dawo, ya tsallake dutse. Mu murɗa zuwa SW, mu zare eriya. In sai an hau tudu neman sabis, a tafi da rana, cikin jama'a. Kada mu aiki yara su kaɗai. Allah ya tsare mu.